Injin Gangar da Kasuwa ta Ƙi, Makaɗa Suka Ɗauka

Duk wanda mota ta taɓa wucewa ta gabansa da kiɗa, ya ji wani dum mai nauyi yana girgiza gilashi tun kafin kunne ya tsinci waƙar, to ya san muryar TR-808 ko da bai taɓa jin sunan ba. Wani baƙin akwati ne mai faɗi da kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fitar a 1980, ya daina ƙera shi a 1983 bayan an yi kusan guda 12,000 kacal. A lissafin 'yan kasuwa, injin bai ci riba ba.

Dalilin a fili yake. A shekarar da ya fito, Roger Linn na Amurka ya kawo LM-1, wanda aka naɗi sautin ganguna na gaske aka zuba masa a ciki. Kuɗinsa ya kusa dala 5,000, amma in ya buga sai ka rantse mutum ne a zaune da sanduna. Shi kuwa 808, mai dala 1,195, babu naɗaɗɗen sauti ko ɗaya a cikinsa. Abin da ake kira tsarin analog ke nan: wutar lantarki ce ke bi ta cikin ƙananan sassa, a take ta haifi sauti. Babbar gangarsa wata da'irar waya ce da ake zungura da ɗan bugun wuta, sai ta yi ta kaɗawa har ta lafa. Farantan ƙarfensa sautuka shida ne masu kaifi aka cakuɗa aka tace. Masu sharhi na lokacin suka ce wannan ba ganga ba ce, kayan wasan yara ne. Shugaban kamfanin, Ikutaro Kakehashi, ya ma sayi wasu taransistoci da masana'anta ta ƙi saboda ba su cika ƙa'ida ba, domin su ne ke ba da wani shuu da ake buƙata. Da ƙira ta inganta aka daina samun irinsu, sai aka daina ƙera injin.

Masu sharhin ba su yi ƙarya ba, injin bai yi kama da ganga ba. Inda suka kuskure shi ne zaton da suka yi cewa kama da ganga makaɗa ke nema.

'Yan ƙungiyar Yellow Magic Orchestra ta Japan na cikin waɗanda suka fara kama shi. Amma 1982 ce ta buɗe masa hanya. Marvin Gaye, yana zaune a Beljiyam nesa da rigingimun da ya baro a Amurka, ya gina waƙarsa "Sexual Healing" a kan bugun wannan inji, kuma ta kawo masa kyautar Grammy. A shekarar dai, a birnin New York, Afrika Bambaataa da furodusa Arthur Baker suka fitar da "Planet Rock", inda suka bar injin ya yi magana da muryarsa ta ƙarfe ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Da manyan situdiyo suka koma ga injinan dijital, sai 808 ya gangaro shagunan gwanjo da na jingina, har akan same shi ƙasa da dala 100. A nan ne samarin unguwannin baƙar fata, waɗanda ba su da kuɗin hayar makaɗi ko situdiyo, suka tsince shi. Wannan ɓangaren tarihin ya fi taɓa ni, domin kiɗan da yau ake cin biliyoyi da shi daga kayan da masu hali suka yar aka fara shi.

To me makaɗi ke ji in ya zauna gaban injin? A ƙasan fuskarsa akwai maɓallai goma sha shida a jere, huɗu ja, huɗu ruwan lemo, huɗu rawaya, huɗu farare. Kowanne matsayin taki ɗaya ne a cikin zagayen kiɗa. Sai ka zaɓi babbar ganga, ka danna na ɗaya, na biyar, na tara da na goma sha uku, ƙaramar fitila ta kama a kowanne, inji ya shiga maimaitawa. Kiɗan na tafiya kana ƙara tafi a nan, kana cire ƙararrawa a can, ba sai ka tsayar da komai ba. Wanda bai san rubutun kiɗa ba, bai kuma taɓa riƙe sanda ba, yana ganin kiɗan da idonsa yana gyara shi da yatsa. Sannan kowane sauti yana da abin murɗawarsa a sama. Murɗa na tsawon amon babbar ganga zuwa ƙarshe, sai bugun ya daina zama bugu ya koma doguwar ƙugi da ake ji a ƙirji. Kamar yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata murya ta canza nan take, haka hannu ke juya sautin yana cikin fita. Daga wannan murɗi guda kiɗan Miami mai nauyin amo ya taso, daga bisani kiɗan tiraf na Atlanta, kuma lasifikoki da yawa sun yage a hanya.

Akwai kuma abin da masu injin na asali ke yawan faɗa, cewa bugu biyu ba sa fitowa daidai wa daida. Wannan ba camfi ba ne. Sassan da ke haifar da ƙarar farantan ƙarfe suna gudana ne ba tsayawa, kowane bugu sai ya same su a wani matsayi dabam. Injina biyu ma da aka ƙera shekara ɗaya, bayan sun tsufa, kowanne da muryarsa.

Wahalarsa ma ba kaɗan ba ce. Yana riƙe tsarin bugu, amma ba ya riƙe inda aka ajiye abubuwan murɗawa, don haka sautin da aka dace da shi daren jiya in hannu ya goge shi, sai dai a sake nema. Makaɗa kan yi alama da fensir ko su ɗauki hoton fuskar injin kafin su tashi. Ba shi da MIDI, hanyar da injinan kiɗa ke magana da juna, wadda sai a 1983 ta fito, kuma Kakehashi na cikin waɗanda suka assasa ta tare da Dave Smith.

Ƙanensa TR-909, wanda ya zo a 1983 da MIDI, rabi da rabi ne: ganguna analog, farantan ƙarfe naɗaɗɗu. Shi ma bai yi kasuwa ba, shi ma ya faɗa hannun samari. A Detroit su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka gina kiɗan tekno, kuma May ne ya sayar wa Frankie Knuckles na Chicago da 909, wanda ya riƙa haɗa bugunsa da fayafayai a gidan rawa.

Yau yawancin masu cewa suna aiki da 808 naɗaɗɗen sautinsa suke jawowa a kwamfuta, kuma ba na ganin laifinsu, tun da na asali ya koma dubban daloli. Sai dai abin da suka samu sautin ne, ba wasan hannun ba. Shi ya sa kamfanoni suka dawo da ƙananan injinan analog masu araha, irin su Volca Beats na Korg a 2013 da DrumBrute na Arturia a 2016, matasa kuma suka yi ta saye alhali komai na cikin kwamfutarsu.

Mai son ganin iyakar wannan wasa ya nemi Jeff Mills na Detroit, wanda ke hawa dandali da 909 yana kunnawa yana kashewa, yana ɗaga sautuka yana sauke su da yatsu cikin saurin da ido ba ya bi. Ya yi aiki da Tony Allen, ɗan Legas, makaɗin gangunan Fela Kuti, suka fitar da faifan "Tomorrow Comes the Harvest" a 2018, shekara biyu kafin rasuwar Allen a Faris. Al'adar ita ce makaɗi ya bi inji, tun da inji ba ya saurare. Mills ya ƙi wannan. Ya riƙa tsayar da injin yana tayar da shi da hannu, yana ba dattijon amsa bugu da bugu, Allen na ja gaba shi yana biye.