Korona da Abinci: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙaga

Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, ji-ta-ji-ta ta riga ta shiga madafa. A Indiya, saƙonnin WhatsApp masu cewa naman kaza na ɗauke da cutar sun karya farashin kaji, masu kiwo suka tafka asara. A nan gida Najeriya kuwa an yi ta yaɗa cewa tafarnuwa da citta da lemun tsami a ruwan zafi suna kashe ƙwayar cutar tun tana maƙogwaro. Ba laifi ba ne mutum ya ji tsoro a lokacin annoba. Damuwata ita ce an ɗora tsoron a inda bai dace ba, aka bar ainihin haɗarin da ke tattare da abinci ba mai kallonsa.

Korona cuta ce ta numfashi. Tana fita daga hanci da bakin mai ɗauke da ita idan ya yi tari ko atishawa ko magana, wani ya shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana cewa babu hujjar ana kamuwa da ita ta hanyar cin abinci. Ƙwayar ba ta hayayyafa a cikin tuwo ko nama, sai ta samu jiki mai rai, kuma zafin girki yana hallaka ta. Wani zai ce, to ai a ƙasar Sin an same ta a jikin daskararren abinci. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. A watan Yuni 2020 an ga alamarta a katakon yanka kifi a kasuwar Xinfadi ta birnin Beijin, sannan a watan Oktoba hukumomin ƙasar suka ce sun samu ƙwayar da ranta a jikin kwalin kifi a Qingdao. Sanyi yana tsawaita ranta, wannan ba a musunsa. Sai dai wanda abin ya fi shafa shi ne ɗan dako da ke wuni yana sauke kwalaye a ɗakin ƙanƙara yana kai hannu fuska, ba uwargidan da ta soya kifin ba. Haka ma labarin mayankar Tönnies a Jamus, inda ma'aikata sama da 1,500 suka kamu a Yunin 2020. Mutanen sun harbi juna ne saboda cunkoso cikin sanyi da iskar da ba ta fita, ba naman ne ya harbe su ba. Ke nan a wajen walima ko teburin mai shayi, abin lura shi ne numfashin na kusa da kai.

Batun tafarnuwa da citta ya fi wuyar warwarewa, domin rabinsa gaskiya ne. Kayan abinci ne masu amfani, kuma shayin citta yana sanyaya wa mai mura rai. Amma babu binciken da ya nuna suna hana kamuwa da korona ko warkar da ita. Masu cewa "ai ko bai yi magani ba, ba zai cutar ba" sun manta da dattijo mai ciwon suga da ya zauna gida yana kurɓar jiƙo har numfashinsa ya sarƙe kafin a kai shi asibiti. Kuma bakin da ya saba karɓar maganin WhatsApp ba ya tsayawa a citta. A Iran ɗaruruwan mutane sun mutu a 2020 bayan shan barasa mai gubar metanol, da yawansu da zaton kariya ce. Mu ma mun gani a Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashi jama'a da tsakar dare su sha ruwan gishiri su yi wanka da shi, har aka rasa rayuka. Wanke latas da tumatir da sabulu ko bilic ma daga wannan tsoron ya fito, alhali ruwa mai tsabta ya wadatar, sinadarin kuwa guba ne a ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a lokacin da aka yi ta goge ledar burodi saboda tsoron korona, abinci da ruwa suna kashe mutane ta hanyoyin da muka daɗe da sani. A watan Maris 2021 ɗaruruwan mutane a Kano suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. A shekarar 2021 ɗin dai, amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, galibi a jihohin Arewa, adadin da ya kai ko ya zarce duk waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a ƙasar. Ga kuma zazzaɓin Lasa, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan hatsin da aka shanya ko aka bari a buɗe. Waɗannan su ne cututtukan da ke bi ta kwano da randa, kuma rufe abinci, tafasa ruwan sha, da duba ranar lalacewa da lambar hukumar NAFDAC a jikin kaya suna rage su ƙwarai.