Gero, Taliya da Itacen Girki: Abincinmu da Sauyin Yanayi

Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na iskar da ke ɗumama duniya daga harkar abinci take fitowa, tun daga gona har zuwa murhu. A Turai nama ake ɗora wa laifi, domin shanu na fitar da iskar metan. Amma magidanci a Gwiwa ko Roni da ke Jigawa, wanda sai ranar kasuwa ko ta sallah nama ke shiga miyarsa, ba shi za a ce wa ya rage ba. Tamu matsalar tana cikin tukunyar tuwo.

Ƙasar Babura rairayi ce, damina kuma gajeriya. Gero ya san wannan ƙasa: yana jure fari, ya nuna cikin wata uku. Waken da ake shukawa a tsakaninsa yana ƙara wa gona ƙarfi. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Shinkafa kuwa sai da ruwa mai yawa, kuma fadamar da ruwa ya kwanta mata ita ma metan take fitarwa. Alkamar taliya da burodi, yawancinta jirgin ruwa ke kawo ta daga ƙetare. Duk da haka, yara da yawa a Kazaure yanzu kallon abincin ƙauye suke yi wa tuwon dawa da burabusko. Wannan yana damuna ƙwarai.

Ban ga laifin uwargidan da ta koma taliya ba. Kafin gero ya zama tuwo sai an yi sussuka, surfe, wanki da niƙa. Taliya kuwa nan da nan ta dahu, ga sauƙin itace. Itacen ma babbar magana ce, domin kowane buhun gawayi bishiya ce aka sare, alhali Jigawa na cikin jihohin da shirin katangar bishiyoyi na Tarayyar Afirka, wanda aka amince da shi a 2007, ya ratsa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun gwada wata dabara tun shekarun 1980: barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona ana yi musu sassabe. Miliyoyin bishiyoyi sun dawo, gero ya ƙara yabanya a ƙarƙashinsu, rassan da aka rage suka zama makamashi. Idan aka haɗa wannan da garin gero tsaftatacce a leda da murhu mai tattalin itace, uwargida a Roni za ta iya tuƙa tuwo ba tare da ta yini a bakin turmi ba.