Tazarar da ke Tsakanin Kunama da Nama

A jihohin yammacin Amurka irin su Wayomin da Montana da Aidaho, a wuraren da fili yake fetal babu itacen da mutum zai raɓa, wani sabon salo ya shigo farauta cikin shekaru talatin ɗin nan. Maharbi zai kwanta a kan tudu, ya kafa bindigarsa bisa ƙafafu biyu na ƙarfe, ya auna tazara da na'ura, ya murɗa madubin saiti, ya saki harsashi kan barewar da ke kiwo a mita 700 ko 800, nisan da in ba da madubi ba sai ka ɗauke ta kututture. Kayan aiki ne suka buɗe wannan ƙofa. Na'urar auna tazara da hasken lesa ta shigo hannun mafarauta a shekarun 1990, kamfanin Hornady ya fito da harsashin 6.5 Creedmoor a 2007 don harbin nesa, sannan gasar Precision Rifle Series da aka soma a 2012 ta koya wa dubban mutane buga faifan ƙarfe daga tsallaken kwari. Ilimin na gaske ne, ba shaci-faɗi ba. Sai dai faifan ƙarfe ba ya tafiya, ba ya jin zafi, kuma in an kuskure shi sai a sake ɗanawa. Abin da wannan rubutu yake son tabbatarwa shi ne, zangon maharbi ba a jikin bindigarsa yake rubuce ba. Zangonsa shi ne iyakar inda zai iya sa harsashin farko a makasa kusan kowane lokaci, a daji, cikin iska da gajiya, kuma ga mafi yawan mutane wannan iyaka ba ta kai rabin abin da 'yan talla suke nunawa ba.

A fara da abin da ya fi sauƙin lissafi. Harsashi ba ya tafiya a miƙe. Tun daga fitarsa bakin bindiga ƙasa take jan sa, kamar yadda take jan dutsen da yaro ya jefa wa mangwaro. A ɗauki .308 Winchester, wanda yake kasuwa tun 1952 kuma har gobe yana cikin harsasan farauta da aka fi amfani da su. Yana fita da gudun kusan mita 800 a sakan. In an daidaita saiti a mita 100, to a mita 300 zai faɗi ƙasa da inda aka nuna da kusan rabin mita, a mita 500 da kusan mita biyu, a mita 1,000 kuwa faɗuwar ta haura mita goma. Wato mai harbin kilomita ɗaya sama da rufin bene yake nunawa a haƙiƙa. Wannan faɗuwa ana iya sanin ta tun daga gida, a rubuta a takarda a manna a gindin bindiga, ko a bar wa manhajar waya ta lissafa, har da gyaran da sanyi da zafi da tsayin dutse suke kawowa, don iskar kan tsauni ba ta da kaurin ta bakin teku. Ko harbin gangara da na hawa, inda harsashi yake sauka sama da inda aka zata, akwai lissafinsa. Sharaɗin dai a san tazara daidai, domin a mita 500 kuskuren mita 25 kawai ya isa ya ɗaga ko ya sauke harsashi da fiye da santimita 20. A nan na'ura ta yi rawar gani, dole a ba ta haƙƙinta.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Iska ce matsalar da har yau babu na'urar da ta gama da ita. Iskar da ke gilmawa da gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta wuce mai kaɗa ƙananan rassa ba, tana ture wancan harsashi da kusan santimita 10 a mita 200. A mita 500 turewar ta fi rabin mita. A lura, tazarar ninki biyu da rabi aka ƙara, amma turewar ta ninka fiye da sau biyar, saboda harsashin yana rage gudu yana daɗewa a hanya. Na'urar auna iska da maharbi yake ɗagawa sama tana faɗa masa iskar da ke inda yake kwance ne kurum. Tsakaninsa da naman akwai kwari, akwai kafaɗar dutse, akwai inda iska take juyawa ta dawo, kuma harsashin yana bi ta sama, mita da yawa daga ƙasa, inda babu ciyawar da za ta nuna komai. Gwanaye suna karanta kaɗawar ganye da ƙura da walwalin zafi da ake gani cikin madubi, suna hasashe, kuma hasashen gwani ma yakan kauce da kilomita huɗu ko biyar a awa. A mita 500 wannan kaucewa ta kai kusan santimita 20. Makasar barewa kuwa, wato zuciya da huhu, faɗinta bai wuce na farantin cin abinci ba, santimita 20 zuwa 25. Daga tsakiyar farantin zuwa bakinsa santimita goma ne da 'yan kai. Santimita 20 zuwa baya, harsashi ya shiga tumbi ke nan. Dabbar ba za ta faɗi a wurin ba. Za ta tafi da hanjinta a huje, ta ɗauki sa'o'i ko kwana tana mutuwa a cikin wani surƙuƙi.

A kan wannan sai a ɗora kuskuren bindigar da na mai riƙe da ita. Bindigar da masana suke yabo ita ce mai tara harsasanta cikin kusan santimita uku a mita 100. Wannan warwatsuwa tana buɗewa ne kamar bakin mazurari, a mita 500 ta zama santimita 15, kuma wannan a kan tebur ne, bisa buhun yashi, babu mai kora. A daji mutum ya hau dutse yana haki, zuciya na bugawa har giciyen madubi yana rawa da ita, gwiwar hannu na kan tsakuwa. Duk ƙa'idojin harbi da ake koyarwa magance wannan suke yi: a jingina bindiga a kan abu mai ƙarfi, a bar ƙashi ya ɗauki nauyin maimakon tsoka, kunci ya zauna wuri ɗaya a gindin bindiga, kada ta karkata ko kaɗan, a saki numfashi a dakata, a matsa kunama sannu a hankali ba fizga ba, a ci gaba da kallo ta madubi bayan tashin harbi. Kowanne daga cikinsu aka yi wa sakaci, kuskuren da ba ya ganuwa a mita 100 zai ninka sau biyar a mita 500. Kuma harsashin farko ne abin lissafi, wanda ya fito daga bututu mai sanyi, don shi kaɗai naman yake tsayawa a harba.

To a ƙaddara maharbin ya kai maƙura, ya karanta iska daidai, hannunsa bai motsa ba. Saura abu ɗaya da ba ya hannunsa ko kaɗan, shi ne lokaci. A mita 100 harsashi yana isa cikin kamar kashi ɗaya bisa takwas na sakan. A mita 500 yana cin kusan kashi uku bisa huɗu na sakan, a mita 800 ya doshi sakan ɗaya da rabi. Dabbar da ke kiwo taku ɗaya za ta yi zuwa wata ciyawa cikin wannan lokaci, kafaɗarta ta bar wurin, cikinta ko cinyarta ya maye gurbin. Babu horon da yake maganin wannan. Sannan harsashin farauta an ƙera shi ne ya buɗe baki kamar lema in ya shiga jiki, don ya yanke hanyoyin jini ya kashe da sauri, kuma da yawansu suna buƙatar gudun kusan mita 550 a sakan kafin su buɗe yadda ya kamata. Na .308 yana sauka ƙasa da wannan a wajejen mita 500. Manyan harsasai irin su .300 Winchester Magnum suna ƙara nisan, amma suna ƙara dukan kafaɗa, dukan kuma shi ke koya wa mutum ƙifta ido da zabura kafin harbi ya tashi.

Masu kare harbin nesa suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa daga nesa dabba ba ta san da kowa ba, tana tsaye hankali kwance, maharbi yana da lokacin kwanciya da aunawa da jiran iska ta lafa, alhali wanda ya yi kiciɓis da barewa a mita 60 a tsaye yake harbi, cikin gaggawa, sau da yawa dabbar ma ta zabura. Gaskiya ne, an raunata namun daji ba adadi daga kusa, kuma gwanin da ke cinye dubban harsasai a filin horo duk shekara ya fi aminci a mita 400 bisa wanda ke fito da bindigarsa sau ɗaya a kaka, ko da a mita 150 ne. Amma wannan hujja gaggawa take tuhuma, ba kusanci ba. Wanda ya iya kwanciya ya natsu a mita 600, in ya natsu haka a mita 250 harbinsa ya fi tabbas ninki-ba-ninki, tunda iska da lokaci sun kusa fita daga lissafin. Kuma gwanayen da ake kafa hujja da su 'yan ƙalilan ne. Masu sayen kayan su ne masu yawa. Hotunan bidiyo da ke yawo a YouTube harbin da ya yi kyau suke nunawa, wanda ya karya ƙafar dabba ta tsere ba a ɗora shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yana da kyau a duba abin da ƙasashen da suke jarraba maharbansu suka zaɓa su jarraba. A Norwe, duk mai son farautar manyan namun daji sai ya yi harbin gwaji kowace shekara: harsashi 30 na horo, sannan biyar a kan hoton dabba a mita 100, duka biyar ɗin su faɗa cikin da'irar makasa mai faɗin santimita 30. Ana kuma buƙatar a tanadi karen bin sawu don neman wadda aka raunata. A Birtaniya, jarrabawar matakin farko ta masu sanɗar barewa ba ta wuce mita 100 ba ita ma. Ba wai mutanen nan ba su da bindigogin da ke kai kilomita ba ne. Abin da suke son gani shi ne maimaici, a buga kuma a sake bugawa ba kuskure, da shirin abin da za a yi in an kuskure.

Hujja ta biyu ta masu kare harbin nesa ita ce ta fili. A saharar ciyawa ta Wayomin akwai wata barewa mai ƙaho mai reshe, mai kaifin ido, wadda babu dabbar da ta kai ta gudu a Arewacin Amurka. Tumakin dutse kuwa a kan tsaunuka suke inda babu maɓoya. Ta yaya za a matsa kusa? Amsar ita ce mutane suna kashe waɗannan dabbobi da kwari da baka har yau, daga tazarar da ba ta wuce 'yan gomomin mita ba, da jan ciki da bin kwazazzabo da kwanto a mashaya. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta fitar da matsaya kan wannan batu ba tare da ta yanke wani adadin mita ba. Abin da ta dubi shi ne niyya: in mutum yana iya matsawa ya ƙi, don a ce ya harba daga nesa, to ya mayar da dabbar allon gwaji, kuma ya hana ta amfani da ido da kunne da hancin da take kare kanta da su. A mita 700 harsashi yana riga ƙararsa isa, dabbar ba ta da ko damar zabura. Maharban ƙasar Hausa sun daɗe da sanin ɗaya ɓangaren wannan ilimi. Adaka ba ta cin nisa, saboda haka maharbi yake ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa cikin ciyawa yana kwaikwayon kiwon tsuntsun, iska na bugo fuskarsa don kada ta kai warinsa, har ya shiga garken barewa. Iskar da maharbin Montana yake karantawa don harsashinsa, ita na Bauci yake karantawa don warin jikinsa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Tambayar ita ce ko kuɗin madubi zai iya biyan gudun. Inda hujjar fili take da ƙarfi da gaske shi ne ga tsoho ko mai lalurar ƙafa da ba zai iya jan ciki ba, amma shi ma lalurar ba ta rage gudun iska ko ta hana dabba ɗaga ƙafa.

Ba a cewa a daina koyon harbin nesa. Wanda ya saba buga faifai a mita 800 ya san bindigarsa da iska fiye da wanda bai taɓa wuce mita 100 ba, kuma wannan sani yana mayar da mita 250 wasa. Hanyar gane iyaka ma mai sauƙi ce, masu koyarwa da yawa suna ba da irinta: a kafa farantin takarda, a harba sau ɗaya tak da bututu mai sanyi, daga irin kwanciyar da za a yi a daji, a ranaku daban-daban har da masu iska, ana ƙara tazara. Inda aka fara kuskuren faranti sau ɗaya ko biyu cikin goma, an wuce gona da iri. Yawancin masu gwada wannan da gaskiya sukan tarar iyakarsu ta tsaya kusa fiye da yadda suke faɗa a majalisa.

Akwai kuma aikin da ke biyo bayan harbi, wanda masu bidiyo suke yankewa. Wanda ya harba daga tsallaken kwari zai iya cin awa guda kafin ya sauka ya hau ya isa inda dabbar ta tsaya, kuma da ya isa sai ya ga duk duwatsun da bishiyoyin kama ɗaya, ya rasa takamaiman wurin da zai fara neman ɗigon jini. In da yamma aka yi harbin, duhu ya riga shi. Malaman Malikiyya sun yi magana kan naman da ya ɓace wa maharbi har ya kwana, suka ƙyamaci cin sa ko da an same shi da alamar makamin a jikinsa, domin ba a san me ya ƙarasa shi cikin dare ba. Harsashin da ya kuskure gaba ɗaya shi ma bai gama tafiya ba, na .308 yana iya wuce kilomita uku kafin ya sauka, kuma mai nuna bindiga sama da kan tudu bai san ko makiyayi ne ko bukka a bayansa ba.