Hukumomin Gwamnati da Kafafen Sada Zumunta: Amfani da Haɗari

Gabatarwa

A da, sanƙira ne ke yi wa hukuma shela, daga baya rediyo da jarida suka karɓi aikin. A yau kuwa, da wuya a sami hukumar da ba ta da shafi a Facebook ko X. A wannan 'yar maƙala zan yi bayanin amfanin wannan hanya da haɗarinta, musamman a nan Maiduguri.

Amfani

Babban amfaninta shi ne sauri. Ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori. Nan da nan gargaɗin cewa kadoji da macizai sun fita daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya bazu a wayoyi, haka ma sanarwar tserewar fursunoni 281.

Haɗari

Na farko, kutse da sojan gona. A Oktoban 2020 an yi wa shafin Twitter na hukumar NBC mai kula da kafafen watsa labarai kutse. Kowa ma yana iya buɗe shafi, ya manna tambarin hukuma, ya yaudari jama'a.

Na biyu, hanyar tana iya toshewa. A 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno. A Yunin 2021 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter har zuwa Janairun 2022, shafukan hukumomi suka yi tsit.

Na uku, wanda ya fi shafar mu ɗaliban harshe, shi ne harshen saƙo. Galibin sanarwa da Ingilishi ake rubuta ta, alhali jama'ar gari Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa suka fi ji. Sai wani ya fassara a gurguje ya tura. Tsakanin "ruwa zai iya tasowa" da "ruwa ya taso" bambancin lokacin aiki ne kawai, amma ya isa ya haddasa turmutsitsi, ko ya sa a yi sakaci.

Kammalawa

A ganina, ya kamata kowace sanarwar gaggawa ta fito da fassararta daga hukumar kanta, a kuma karanta ta a gidajen rediyo irin su BRTV, domin magana zarar bunu ce. Wannan aiki ne da ke jiran mu masu nazarin fassara.