Naman kaza mai soso: a juya shi kafin a taya

Jama'a 'yan kasuwa da dillalan Tambuwal, in damina ta zauna akan shigo da naman kaza daga dajin Kebbe. Kada ku taya sai kun juya shi kun duba ƙarƙashin laimar.

Akwai wani iri babba da ba a cika samu ba. Laimarsa ruwan ƙasa ce, tana iya kai faɗin faifai, gindinsa kakkaura. Ƙarƙashinta ba tsaga-tsaga, sai ƙananan ramuka a cushe kamar soso. In an yanka, cikinsa rawaya-rawaya ne. Masanan Faransa sunka fara rubuta shi a 1909, yau sunansa Phlebopus sudanicus, ana cinsa a Burkina Faso. Danginsa ne ake busarwa a Italiya, kuɗinsu tsada.

Amma soso kaɗai bai isa shaida ba, don cikin dangin akwai masu ɓata ciki. Mai jan soso dai ku bar shi.

Wanda munka fi jin tsoro shi ne farar laimar kwaɗi mai zobe a wuya. Ku kifa ta bisa farar takarda ta kwana. In ta zubo gari kore-kore, guba ce, amai da zawo. Zancen wai abin da tsutsa ta ci mutum ma ya ci, ba gaskiya ba ne.

Yankakke ko busasshe, wanda babu gindi babu laima, mu dai ba mu dillancinsa ko nawa anka rage. Sai ɗanye cikakke, daga hannun wanda gidansu sun daɗe suna ci, a kuma gaya wa mai saye ya dafa shi sosai.