Cin Abinci A Waje: Bayani Ga Mai Saye Da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Kamar yadda jama'a suka sani, a da can ba al'adar magidanci ba ce ya zauna a bainar jama'a yana cin abincin saye, domin ana ganin mai iyali tuwon gidansa ya kamata ya ci. To amma harkokin rayuwa sun sauya. Manomin da ya kawo hatsi Kasuwar Dawanau, da falken da ya kwana a Wudil don cin kasuwar Juma'a, da mai jinyar da ya yi mako guda a asibiti cikin birnin Kano, da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya zo Sakatariyar Audu Baƙo bin takardu, dukkansu ba su da makawa sai sun nemi inda za su sa wani abu a bakin salati. A bisa wannan dalili ne muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan gidajen abinci, domin mai saye ya san cewa yana da haƙƙin ya tambayi abin da za a zuba masa a kwano ko a kofi, hukuma kuma ta san nauyin da doka ta ɗora mata.

Wuraren cin abinci dai hawa-hawa ne. Akwai mai tuwo-tuwo a bakin tasha ko gefen kasuwa, da mai shayi da teburinsa, da mai tsire da balangu, da masu ɗanwake, waina da gurasa. Akwai rumfuna da shaguna masu benci inda ake samun shinkafa da miya, dafa-duka, garau-garau, taliya, sakwara da farfesu. Sannan akwai manyan gidajen abinci da otal-otal, inda ake kawo wa baƙo takarda mai ɗauke da jerin abinci da farashinsa. A wurin mai tuwo ciniki a bayyane yake: mutum ya ce, “Hajiya, a zuba mini malmala biyu da miyar kuka, a sa nama yanka ɗaya,” ya san abin da zai biya. A babban gida kuwa nan ne baƙo ke shiga ruɗu, saboda sau da yawa kuɗin shinkafa daban yake da na nama ko kifi, ruwan sha ma da kuɗinsa, kuma akan ɗora harajin kayayyaki na VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairu na 2020. Babu abin kunya mutum ya ce wa ma'aikaci, “Malam, nawa ne duka-duka?” tun kafin a ɗora masa faranti. Wanda ba ya karatun boko ya nemi a karanta masa. Haka kuma, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 masu abinci da yawa suna karɓar kuɗi ta waya ko ta na'urar POS, don haka a tabbatar da sunan mai asusun kafin a tura, a kuma nemi rasit a inda ake bayarwa.

Batun kuɗi mai sauƙi ne idan aka kwatanta shi da na lafiya. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya bisa ƙididdigar hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, fiye da 3,000 suka rasa rayukansu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Wannan cuta, da zazzaɓin taifot, ta ruwa da abincin da najasa ta gurɓata suke shiga jiki. Ƙuda ya tashi daga kwata ya sauka a kan waina, ko mai zuba abinci ya fito daga bayan gida bai wanke hannu da sabulu ba, shi ke nan an gama.

Idon mai saye shi ne mai bincike na farko. Kafin ya zauna, ya dubi ruwan da ake wanke kwanuka: idan baho ɗaya ne tun safe har ya yi kauri da maiƙo, ya nemi wani wurin. Ya lura ko an rufe abincin, ko kuma hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke yankar nama. Wanke hannu a kwano ɗaya da mutum biyar suka riga suka tsoma nasu ba wanki ba ne. A nemi a zuba ruwa daga buta, da sabulu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma cikin firji ba, kuma zafin da ke hana ƙwayoyin cuta hayayyafa shi ne wanda ya haura digiri 60. A zafin bazarar ƙasarmu shinkafa da wake da alale suna saurin lalacewa. Saboda haka mu a ganinmu rumfar da ke cike da masu saye, inda tukunya ke ƙarewa a ɗora sabuwa, ta fi shago mai kyawun fenti wanda abincinsa ya wuni a cikin kula.

Abin sha ya fi abinci buƙatar lura, domin shi ba a ɗora shi a wuta kafin a miƙo. Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, lamurje da fura da nono duk abubuwa ne masu amfani, amma ingancinsu ya dogara ga ruwan da aka dama su da shi, da ƙanƙarar da aka jefa a ciki, da kuma robar da aka ɗura su, wadda wani lokaci daga bola aka tsinto ta. Jama'ar Kano ba za su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti da amai, jiri da fitsarin jini, wasu kuma suka rasu. Binciken hukumar NAFDAC ya danganta lamarin da garin lemo marar rajista da kuma wani sinadari mai guba da aka sayar da sunan ɗan tsami. Duk abin sha na kwalba, gwangwani ko leda, a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa, kuma a buɗe shi a gaban mai saye.

Daga nan sai batun barasa, wanda ya kamata a faɗe shi a fili. An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a shekarar 2000, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, sannan a 2004 aka sa hannu a kan dokar da ta haramta sarrafa barasa, sayar da ita da shan ta a jihar, tare da tanadin tara ko ɗauri. A watan Nuwamba na 2013 Hisbah ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. Mai gidan abincin da ya ajiye giya a bayan kanta yana jefa jarinsa da ma'aikatansa cikin hatsari, ko da burukutu ce ko bammi ba ta kwalba ba.

Sai dai jami'anmu da 'yan kasuwarmu suna zuwa taro da fatauci Abuja, Legas da ƙasashen waje, inda doka ta bambanta. A manyan otal-otal na can, bayan takardar abinci akan kawo wata ta biyu mai ɗauke da sunayen giyar inabi, ja da fara, domin a al'adar Turawa, musamman Faransa da Italiya, da ita ake cin abinci. A nan akwai wani tarko na harshe: “ruwan inabi” a Hausa yana iya nufin tatacciyar inabi zalla, yana kuma iya nufin wadda aka bari ta yi tsami ta zama giya, ga shi kuma kwalaben sun yi kama da juna ƙwarai. Abin da ke raba su rubuce yake a jikin kwalba. Giyar inabi takan nuna kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari na sinadarin maye, giyar sha'ir kuma wajen kashi 5, alhali wadda ba ta sa maye, irin wadda ake rabawa a wajen biki, takan bayyana cewa babu barasa a cikinta. Wanda ya ga lamba da alamar % kusa da girman kwalba, ya tsaya ya tambaya. Haka zalika wasu girke-girken Turawa ana zuba musu giyar inabi a romo, kuma dahuwa ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Tambaya ɗaya ga ma'aikaci ta wadatar, shi ma aikinsa ke nan. Irin wannan tambaya ce kuma ake yi a kan nama a duk inda mutum bai san mai yankan ba.

Yanzu sai mu juya ga jami'an ƙananan hukumominmu 44. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kula da gidajen abinci, gidajen burodi da sauran wuraren sayar wa jama'a abinci a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da mayanka, kasuwanni da kwashe shara. Ke nan wannan ba aikin da za a jira wani ya zo daga birni ya yi ba ne. Dattawa suna tuna zamanin da jin sunan duba-gari kaɗai kan sa a share gida a wanke randa. Har yanzu akwai jami'an lafiyar muhalli a sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma, amma a wurare da dama abin da mai abinci ya fi sani shi ne mai yankar rasit na haraji. Karɓar haraji ba tare da leƙa madafa ba rabin aiki ne, kuma rabin da ba ya hana kowa ciwo.

Abin da ake buƙata daga jami'i ba mai tsada ba ne. Ya san adadin masu abincin da ke kowace kasuwa da tasha a yankinsa, ya san rijiya ko famfon da suke ɗiba, da nisan rumfarsu da masai ko juji, da mahautan da suke sayen nama a hannunsu. Ya tabbatar mai gudawa ko mai gyambo a hannu ba ya taɓa abinci har sai ya warke. Ya dubi ma'ajiyar hatsi saboda ɓeraye, waɗanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa, ya kuma hana zuba maganin ƙwari a wake ko busasshen kifi. Yawancin masu wannan sana'a mata ne, wasunsu zawarawa masu riƙe da marayu, don haka kifar da tukunya ba shi ne matakin farko ba. A fara da nasiha ta hannun sarkin kasuwa, dagaci da mai unguwa, a ba da wa'adin gyara, sannan a dawo a duba.

Idan kuma mutum biyu ko fiye suka kamu da amai ko gudawa bayan cin abinci a wuri ɗaya, a sanar da asibiti mafi kusa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, kuma kada a zubar da ragowar abincin kafin jami'ai su gani. Kafin a isa asibiti, a riƙa bai wa marar lafiya ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa kaɗan-kaɗan a kan hanya.