Tarwaɗa Tsakanin Farin Wata da Hadari

Tarwaɗa kifi ce mai faffaɗan kai da dogon jiki, baƙa a baya, fara-fara a ciki. Ba ta da ɓawo irin na karfasa, sai fata mai yauƙi, shi ya sa ake ce wa mutumin da ba a iya kama shi a magana ya fi tarwaɗa santsi. Tana da gashin baki guda 8, da ƙaya mai ƙarfi a kowane gefen ƙirji, wadda take soke hannun wanda bai iya riƙo ba. Masana na kiranta Clarias, kuma ana samunta a kusan kowane ruwa na ƙasar Hausa da maƙwabta: Kogin Kwara da tafkin Kainji, Gulbin Kabi, fadamun Haɗeja da Nguru, Tafkin Chadi, har da kududdufan bayan gari. 'Yar'uwarta ramboshi ta fi ta girma, ana kuma bambance su da wata doguwar tsoka da ramboshi ke da ita a baya daf da wutsiya.

Idanunta ƙanana ne, ba kuma da su take neman abinci ba. Gashin bakin nan da fatar jikinta cike suke da ƙwayoyin ɗanɗano, saboda haka tana jin tana ko mushen kwaɗo a cikin ruwan da ya yi jawur da laka. Tana cin kusan komai, daga ƙwari da dodon koɗi zuwa 'ya'yan itace da ƙananan kifaye, har da 'ya'yan 'yan'uwanta. Ta fi yin kiwo da dare, tun daga faɗuwar rana zuwa asuba. Wannan ɗabi'a ce ta sa masunta suke haɗa zancenta da zancen wata.

Abin da ya fi ba da mamaki a jikinta yana cikin kai. A saman jajayen tsokokin da kowane kifi ke numfashi da su a ruwa, tarwaɗa tana da wata tsoka mai rassa da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari. Hausawa na cewa kifi a ruwa sarki ne, wato da ya fito tudu sarautarsa ta ƙare. Tarwaɗa kam tana fitowa. A daren da aka yi ruwa ƙasa ta jiƙe, takan ja ciki tana dogara ƙayoyin ƙirjinta, ta bar kududdufin da ya ishe ta ta nufi wani. Manomi ya tashi da safe ya tsince ta a kwarin kunya, nesa da rafi, daga nan aka sami zancen cewa ruwan sama yana zubo da kifi. Amma ba ta kai gaiwa ba, wadda ke kwana watanni a busasshiyar ƙasa har aka ce jikinta take ci. Tarwaɗa sai da danshi. In laka ta bushe ƙurmus, ta mutu.

Tsofaffin masunta, Sarkawa da Kabawa da sauransu, sun daɗe suna cewa duhun wata ya fi farin wata albarka. Akwai gaskiya a maganar, sai dai ana yawan kuskuren dalilinta. A teku wata yana jan ruwa ya cika ya janye, kifi kuma yana bin wannan motsi. A kogi da tafki jan bai kai a lura da shi ba, ko da a ruwa mai faɗin Tafkin Chadi. Abin da wata ke yi wa ruwan daɗi haske ne kurum. In daren 14 ya yi, sama ba gajimare, ruwa kuma ya kwanta garau, kifi yana hango zaren kalli, yana hango inuwar kwalekwale da ta mai jefa birgi. Nan ne karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma take zama zahiri. Ƙananan kifaye kan lafe cikin ciyawa don tsoron masu farautarsu da ido, irin su tsage da giwan ruwa, ita ma tarwaɗa takan rage yawo a bakin gaɓa ta koma zurfi.

Bayan daren 15 wata yana makarar fitowa da kusan minti 50 kowane dare, don haka farkon dare yana samun duhun da ke ƙaruwa har ƙarshen wata. Mai kalli ya san wannan lissafi ko bai taɓa rubuta shi ba. Masu kamun ƙananan kifaye da fitila a Kainji sun fi kowa damuwa da shi, domin fitila ba ta tara kifi in farin wata ya game ruwa. Amma ba kowane kifi ne ke gudun haske ba. A ƙasar Mali akwai wani ɗan kifi dangin kawara, tineni, wanda masuntan ƙabilar Bozo ke tatsar mai daga jikinsa. Idan ruwan Kwara ya fara janyewa, yakan taru garke-garke ya hau kogi a kwanakin farin wata, ya watse in duhu ya shigo. Saboda haka babu hukunci ɗaya da ya hau kan dukan kifi.

Ga ita tarwaɗa, tasirin wata yana raguwa ƙwarai da zarar ruwa ya gurɓace. Hasken wata ba ya ratsa jan ruwan damina, kuma ƙugiya mai tana ko gura mai dusa a ciki ƙamshi ne ke kai tarwaɗa gare su. Mai fatsa da ya zauna gida a watan Agusta don wai wata ya yi fari ya yi asarar dare a banza. A Amurka wani mai suna John Alden Knight ya fito a 1936 da jadawalin sa'o'in da ya ce kifi ya fi cin ƙugiya bisa matsayin wata, har yau kuma ana sayar da irinsa, yanzu ma a wayar hannu. Gwaje-gwajen da aka yi a ruwan daɗi ba su tsaya a kan magana ɗaya ba, kuma inda aka ga bambanci yakan zama kaɗan in an gwada shi da na zafin ruwa da lokacin shekara.

Yanayi kuwa shi ne mai iko na gaske. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, tarwaɗa kuma ta fi walwala a ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 30. Da hunturu, a Disamba da Janairu, ruwa kan yi sanyi, narkewar abinci ta yi nawa, sai ta kwanta a ƙasa ta ƙi kula ƙugiya. Masu kiwonta a tankuna a Kano da Zariya sun san haka, domin abincin da suka zuba yakan kwana yana yawo a sama. Da bazara matsalar takan juya. Ruwa ya ragu, ya yi zafi, ganye ya ruɓe a ciki, iskar oksijin ta yi ƙaranci, musamman gab da asuba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma in ya yi, karfasa ce ke fara galabaita. Tarwaɗa sai dai ta riƙa leƙowa tana haɗiyar iska tana komawa, wannan ɓulɓulin kuma shi ke tona wa masunci inda ta taru. Yawan kamun rani daga matsuwar kifi a ɗan ruwa yake zuwa. A kan wannan aka gina su na gayya, irin na Matan Fada a Argungu, inda bikin ya samo asali a 1934: ana hana taɓa ruwan tsawon shekara, Sarkin Ruwa ya yi gyaran ruwa, sannan dubban mutane su faɗa da koma da gora da rana tsaka, ba wanda ya tambayi kwanan wata.

Babban lokacin tarwaɗa shi ne faɗuwar damina. Shamuwa ta iso, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ruwan farko ya wanko tana da ƙwari zuwa rafi, shinge ya tashi ya zuba a kan ruwa. Kifin da ya sha yunwar rani sai ya buɗe baki. Masunta da yawa sun shaida cewa ƙugiya ta fi ci gab da saukar ruwa da kuma bayan ya ɗauke. Wasu na danganta hakan da sauyin nauyin iska, amma hujjar tana da rauni, domin kifin da ya nutsa kamu ɗaya ya ji sauyin nauyin da ya fi na hadari. Lumshi, da iskar da ke kaɗa ruwa, da sanyin da ke saukowa bayan zafi, da abincin da ke kwararowa, sun isa su bayyana abin. Hadarin da ke kawo kifi kuma shi ne ke kifar da kwalekwale a faffaɗan ruwa irin Kainji, ga kuma tsawa ga wanda ya tsaya a fili da doguwar sanda.

Idan kogi ya cika ya malala fadama, manyan tarwaɗu kan bi sabon ruwa da dare zuwa cikin ciyawa, inda zurfi bai kai gwiwa ba. A nan mace ke watsa ƙwai dubbai, namiji ya bi ya barbare su, su manne a jikin ciyawa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sun ƙyanƙyashe, iyayen kuma ba sa tsayawa reno. Hauhawar ruwa ce ke tayar da wannan haihuwa, shi ya sa tarwaɗar tanki ba ta saka ƙwai da kanta sai an yi mata allura. Shekarar da ambaliya ta yi faɗi ta daɗe, bandar da za ta fito daga Baga da Nguru da Yawuri takan yi yawa. Inda madatsun ruwa irin Tiga suka rage malalar fadama, kifi ya ragu ko wata yana fari ko yana duhu.

A waɗannan darare na haihuwa tarwaɗa ba ta da wayo ko kaɗan, har da sanda da adda ana kashe ta a ciyawa. Shi ne kamu mafi sauƙi a shekara, shi ne kuma mafi ɓarna, domin kowace uwa da aka ɗauke da ƙwai a ciki kifin baɗi aka ɗauke. Garuruwan da Sarkin Ruwa ke da ikon rufe ruwa a farkon damina, ya kuma hana raga mai ƙananan idanu, su ne ke samun manyan tarwaɗu idan kaka ta yi.